Abin da Na Gani Daga Bayan Zana

Wurno,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Angon Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a hanyar Sakkwato, Ya tsare ka a sama inda jirgi zai ɗauke ka, Ya sauke ka ƙasar Jamus lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Babanka yana sa maka albarka. Inna ma tana gaishe ka, ta ce in gaya maka in ka daɗe can za ta sake miji, manema ba su ƙare a Rabah ba.

Na san da ka ga rubutuna za ka juya takardar ka duba ko kuskure anka yi. Ba kuskure ba ne, ni ce. Tun da nake uwarka, in an tara duk maganar da na yi maka baki da baki ba za ta cika faifai ba, kuma rabinta "an ci abinci?" ce, ita ma bango nake tambaya. Kai ne ɗan farina. Tun ranar da anka raɗa maka suna bakina bai kama shi ba. Da Inna, uwar babanka, ta ɗauke ka bayan yaye ta tafi da kai Rabah tana cewa ta yi ango, sai na samu abin kiranka na huta. Haka anka yi wa yayata a gidanmu, haka na yi maka. To amma biro ba ya jin kunya, kuma ni da na tsufa ina koya wa ɗiyan mutane rubutu a firamare ba zan kasa rubuta wa nawa ba.

Ba labarin gida ya zaunar da ni ba. Na albasa da ruwan fadama babanka zai cika maka kunne da shi a waya. Ni guzurin da zan ba ka shi ne wuraren da na yi tuntuɓe game da wanga karatu naka na adabi da wasan kwaikwayo, don saura ƙiris tuntuɓen ƙarshe ya hana ka tafiyar baki ɗaya. Kuma akwai abu guda da kowa ya gani a tsakar gidanmu ranar da ka yi wasanka, kai kaɗai ba ka gani ba. Ba zan bari ka ɗauke ni ka kai ni gaban Turawa babu shi ba.

Bari in fara da na ban dariyar. Ranar da takardar shiga jami'a ta zo, babanka ya karanta a tsakar gida ya ce sashen Hausa ne, adabi da wasan kwaikwayo. Ina ɗaki na ji. Na ɗaga murya ina yi da Inna da ta zo mana ziyara, yadda za ka ji, na ce wai Hausar da yaro ya sha a nono ita za a kwashe shi a kai birni a koya masa? Ni likita nake so, in ba a samu ba ko lauya. Da mata sunka shigo barka sai bakina ya riga ni, na ce ai lauya za ka karanta. Ta yi mini daɗi a baki, na yi ta maimaita ta har ni kaina na fara yarda. Ka tuna abin da ta haifa? Wani hutu da ka zo, wani dattijo ya taso tun daga Dinawa da rigimar iyakar gona, da shedunsa biyu, ya shimfiɗa buzu a zaure yana jiran lauya. Ina leƙe ta ƙofa. Ka zauna ka saurare shi tsaf har ya gama, sannan ka ce masa kai ba ka san doka ba, tatsuniya da waƙa da wasa kake karantawa, amma labarin nasa ya yi daɗi ƙwarai, ko zai yarda ka rubuta shi? Mutumin ya tashi yana kaɗe riga, ko ruwan da anka kawo masa bai sha ba. Ni kuwa na daɗe mata suna gaishe ni da "uwar lauya, ya shari'a?" Ni na jawo wa kaina.

Saboda haka kada ka taɓa sake wa aikinka suna don ya yi wa wani daɗin ji. Can za a tambaye ka mi kake karantawa, wataƙila ma 'yan ƙasarmu masu karatun injiniya su tambaye ka suna danne dariya. Ka ce adabin mutanenmu da wasanninsu, ka faɗa kai tsaye kana kallon idon mai tambaya. In an ce daga ina, kada ka tsaya ga Najeriya, ka ce Wurno. In ba su san ta ba ka biyo da su Gulbin Rima a hankali har su iso.

Na biyun ya girme ka nesa ba kusa ba. Ina budurwa anka kai ni kwalejin horon malamai mata, muna haɗe da 'yan gabas masu Hausar littafi. Kwanan farko wata ta yi mini magana ban ji ba, na ce mata, "Mi kic ce?" Ɗaki ya kwashe da dariya, daga ranar anka sa mini suna Mi. Maimakon in yi fushi da su sai na yi fushi da bakina. Na zauna na goge shi tas, har na fi masu abin iya abinsu. Da na dawo hutu na durƙusa na gaida kakata da Hausar littafi, tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta juya ga uwata ta ce, "Wagga baƙuwa ɗiyar wa ta?" Wallahi dariyar 'yan ɗakinmu duka ba ta yi mini zafin wannan tambaya ba. Na sha wuya kafin bakina ya dawo gida, kuma bai dawo duka ba, shi ya sa ka ga rubutun nan rabi na makaranta rabi na tsakar gida.

Ka koyi harshen mutanen can har su rasa inda za su kama ka, wannan ba laifi ba ne, don shi ka je. Amma naka kada ka kai shi wanki da guga. Sannan ga wani ramin a ɗaya gefen, shi ma ka kula da shi. Kada don an ce ga Bahaushe ya zo ka je ka naɗo rawanin da ba ka taɓa naɗawa a Wurno ba, ka tsaya ana ɗaukar ka hoto. Kai ɗan masu albasa ne, mai riga da wando, mai cin taliya da manja yana kallon ƙwallo a waya, kuma a haka kake Bahaushe cikakke. In wani ya zo neman Bahaushen da ya karanta labarinsa a tsohon littafi, ka ba shi haƙuri ka ce wancan bai samu zuwa ba, kai anka turo.

Yanzu ga abin da ya kamata ka sani tun da daɗewa. Malamanka na jami'a sun koya maka sunayen abubuwa, Allah Ya saka musu da alheri, amma kwaikwayo ba wurinsu ka samo shi ba. A nono ka sha shi tare da Hausar da na raina. Kafin a haife ka, ba a yin biki tsakanin Wurno da Rabah mata ba su ja ni ɗaki sun ce "yi mana wance" ba. In yi tafiyar mutum, in yi tarinsa, in yi yadda yake kirga goro, har sai wata ta riƙe ciki ta ce in bari don Allah. Akwai wata mai kawo mana kifi daga wajen Goronyo, sunanta Ige, tana ɗingishi, ga murya kamar ta maza. Wani biki na yi ta, ba ta nan, mata sunka yi dariya har da hawaye. Labari ya kai mata. Ranar da ta zo da kifi ta ajiye kwandonta ta zauna bakin rijiya ta ce to, ga ta, a yi ta ta gani. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ba ta tashi ba sai da na yi. Ta kalla har ƙarshe, ta ma yi murmushi, ta ce tafiyar kam na samu. Sannan ta ce ƙafar kwalekwale ne ya danne ta ranar da ta faɗa gulbi ta ciro ɗanta, in zan sake yi in haɗa da wannan. Ta ɗauki kwandonta ta fita.

Daga ranar na kafa wa kaina doka, duk matan unguwa sun san ta: ba na kwaikwayon mutum bayan idonsa. In yana zaune a yi, ya yi dariya tare da mu, ya gyara inda na kauce. In ba ya nan a bari. Ka riƙe wannan, don ita ce ta kusa kashe maka tafiya kuma ita ce ta cece ta.

Lokacin da labari ya zo cewa wata jami'a a Jamus ta ba ka gurbin digiri na biyu kuma su za su ɗauki nauyinka, na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, na shiga ɗaki na yi ta ninke tufafin da ke ninke. Ban san a kan mi sunka zaɓe ka ba. Sai ga Gwaggonka Kulu, ƙanwar babanka, ta dawo daga Sakkwato ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni gefe. Ta ce wai na san wasan da ka yi na gama karatu? Ni ce. Ta ce ka ɗaura zane, ka kafa kallabi, ka hau dandamali ka yi ni gaban taron jama'a suna dariya har da faɗuwa daga kujera. Ta ce shi anka ɗauka a hoto anka aika wa Turawa, su ma sunka ce ka zo ka yi musu uwarka su gani. Ban tambaye ta ko ta gani da idonta ba. Ashe ita ma wata ta gaya wa 'yarta, 'yarta ta gaya mata. Ni da na yi shekaru ina hana yara kawo ƙara da "an ce", na haɗiye "an ce" ɗungurungum ko tauna ban yi ba.

Jinina ya tafasa. Na ce ɗan da ban taɓa ko kiran sunansa ba don kunya, shi zai tallata ni bayan idona, cikin zane, har ƙetaren teku? Na aika babanka ya gaya maka, in dai da ni za a tafi, ban yarda ba. Amsarka ta dawo ta bakinsa. Ka ce gurbin a kan wasan yake, shi sunka gani, a kansa za ka yi bincike kuma shi za ka nuna, in babu shi babu tafiya. Ka ce suna jiran amsa kafin ƙarshen wata, kuma za ka rubuta musu su ba wani, don ba ka hawa jirgi da fushina. Ba ka yi gardama ba, ba ka turo kowa roƙo ba. Ka ɗauki fartanya ka bi babanka fadama dashen albasa. Ina ganin kwanonka yana dawowa da rabin tuwo, wata yana ta tafiya, ni kuwa na kafe. Taurin kaina ka san shi, kai ma ka ɗebo.

Inna ce ta taso daga Rabah a motar kasuwa, da sandarta da ƙunshin goronta. Ta zauna ta huta, ta sha hura, sannan ta sa anka kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Tambaya guda ta yi mini: "Ke da kin ka hana a yi mutum bayan idonai, shi wasan ga kin gane shi da idonki?" Na ce ban gani ba. Ta ce to ashe na yi wa wasa abin da na yi wa Ige. Ta yanke cewa gobe bayan la'asar za a yi shi nan tsakar gida, gabana, in na gani na ce a'a to magana ta mutu. Na ce Inna, ta yaya zan zauna in zuba wa ɗan fari ido gaban mutane? Ta ce wannan mai sauƙi ne, a jingina zana bakin madafa in zauna bayanta, zana ai tana da idanu.

Haka anka yi. Matan gida da na maƙwabta sunka cika tabarmi, Gwaggo Kulu a sahun gaba ta haɗe rai, babanka a bakin zaure yana yi kamar carbi yake ja. Ni ina bayan zana na buɗa ƙofar ido da ɗan yatsa.

Ka fito da rigarka da wandonka. Babu zane, babu kallabi. Faifai kaɗai da 'yar shinkafa a ciki. Na nemi idon Kulu ta cikin zana, ta sunkuyar da kai. Ka zauna a kujerar tsugunne ka juya wa mutane baya, sai kawai na ga kaina. Kafaɗar hagu ta ɗan ɗaga, ɗan tarin nan da nake yi kafin in yi magana, yadda nake ture kaza da ƙafa ba tare da na dube ta ba. Ka fuskanci bango ka ce da muryata, "A ce ma baƙo ruwa na randa." Gida ya ɗauka. Kulu da ta zo a haɗe ita ta fi kowa, har tana dukan cinyar ta kusa da ita. Ni kaina na toshe baki da gefen zane ina girgiza. Ka yi Inna tana rigima da angonta kan goro, ka yi babanka yadda yake zuwa gaisuwar ta'aziyya ya ƙare da tambayar farashin albasa, kowa yana zaune yana ganin kansa yana dariya. A raina na ce yaron nan ya fi ni, kuma na ji daɗin faɗin haka.

Sai ka zo ƙarshe. Ka tashi ka koma bakin ƙofa ka zama yaro ya dawo daga jami'a da sakamako a hannu. Ka yi sallama, ka tsaya, ka ce an ci jarrabawa, kai ka zo na ɗaya. Ka koma kujera ka zama ni. Bayan bai juyo ba, faifai bai tsaya ba. Ka ce, "To, madalla. A jawo ƙyaure, kaji na shiga." Ka sake zama yaron, ka tsaya kana kallon bayan nan, ka ninke takardarka ka sa aljihu ka fita. Babu wanda ya yi dariya. Ina jin wata tana jan hanci.

A nan na gane abu biyu. Na ɗaya, ba tallata ni ka yi ba, babu raini ko na ƙwayar gero cikin wasan nan, kuma wanda duk ya gan shi zai so ya san matar. Na biyu shi ya tayar da ni tsaye. Bayana ka sani, ka san shi fiye da yadda na san shi, amma shi kaɗai ka sani. Ka girma kana zaton abin da ke nan ke nan. Na ji irin abin da nake ji a aji in yaro mai ƙoƙari ya yi lissafi daidai har rabi sannan ya ajiye fensir. Ban san lokacin da na ture zana ba.

Na fito tsakar gida. Na dubi bango na ce a ba ni faifan. Na ce a ce maka ka koma ka sake shigowa, ka tsaya inda ka saba tsayawa. Na juya kujera na fuskanci mata, kai kana bayana. Ka yi sallama, ni kuma na yi abin da nake yi duk ranar da ka shigo gidan nan. Ba kwaikwayo na yi ba, ban ƙara komi ba. Kulu ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Babanka ya tashi ya shige zaure, ya ce wai wani abu ya faɗa masa a ido. Inna ta ajiye sanda ta rangaɗa guɗa da ragowar haƙoranta, mata sunka amsa, har yara sunka hau katanga suna tambayar wa ya haihu. Ni kuwa na ce wa bango, "A ce ma shi ya amsa ma mutanen nan. Na yarda."

Na ji ka bi mata ɗaya bayan ɗaya kana tambayar mi sunka gani, kowa ta ce ka tambayi mai abin, kai kuma ka san ba za ka iya ba. To ga shi, ka karanta a hankali, don da baki ba zan taɓa faɗa ba.

Tun kana zaure nake sanin kai ne, takalminka na hagu yana jan ƙasa. Da na ji shi sai in rarumi faifai, ko da shinkafar an riga an tsince ta, in juya baya, don fuskata ba ta jin maganata. Baki ne yake fara tonawa, murmushi ya taso, in cije leɓen ƙasa in danne shi, ya ƙi dannuwa. In rufe ido in ce alhamdulillahi, leɓena yana motsi ba sauti. Da ka yi sallama sai in ƙara saurin bakace don kada ka ji numfashina. Kuma ba bango nake kallo ba, inuwarka nake kallo a jikin bangon. Da ita nake auna ko ka rame, ko ka ƙara tsawo, ko kafaɗarka ta faɗi don wani abu ya dame ka. Ranar da ka zo da sakamakon nan, da na ce a jawo ƙyaure, so nake ka matsa kafin muryata ta karye. Shinkafar da kunka ci ranar da hawayena anka dafa ta. Ina alfahari da kai, na daɗe ina yi, kuma ban taɓa jin sallamarka zuciyata ba ta yi tsalle ba.

To ga yadda za ka yi shi can, in malamanka sun yarda, in ba su yarda ba ka ce mai abin ce ta ce. Ka yi ƙarshen sau biyu. Da farko ka ba su bayan, su yi dariya, su yi tsit, su ce a ransu kai, uwayen ƙasar nan ba su da tausayi. Ka bar su su gama yanke hukuncinsu. Sannan ka juya kujera ka sake yi suna kallon fuskar. In wani ya tashi bayan wasa ya tambaye ka don mi matan Hausawa ba su son ɗiyansu na fari, kada ka tsaya dogon Turanci, ka ce ya dawo gobe ya zauna a gaba. Ba zan kasance a Jamus in gyara maka ba, haka Inna, haka babanka, haka duk wani ɗan Wurno ko Taloka da za ka ara tafiyarsa ko muryarsa. Ga sharaɗina: duk wanda za ka yi, ka yi shi yadda in ya fito daga bayan zana ba zai samu abin ƙarawa ba. In ba ka san abin da ya sa yake ɗingishi ba, ka bar masa ƙafarsa.

Kuma wannan bai tsaya kanmu ba. Su ma mutanen can za ka tarar da bayansu. Za ka gaida maƙwabci ya amsa da ka, za ka yi rashin lafiya ba wanda ya leƙo da kunu, malami zai karanta aikinka ya ce ba laifi ya wuce. Kada ka yi saurin cewa ba su da zuciya, kuma kada ka dawo mana kana kwaikwayonsu a tsakar gida muna dariya alhali bayansu kaɗai ka gani. Ka yi haƙuri ka zagaya ka ga fuskar. Ka shiga gidajen wasansu, ka karanta littattafansu da gaske, ka zauna a gaba. Wanda ya yi shekara ashirin da wani abu bai san fuskar uwarsa ba, bai kamata ya ce ya gane Bature cikin wata uku ba.

Sauran ka san su, amma uwa ba ta barin su. Salla a kan lokaci, ko da rana ta rikice maka, an ce can wani lokaci ba ta son faɗuwa wani lokaci ba ta son fitowa. Ka tambayi abin da ke cikin abinci kafin ka kai baki. Ka rufe ƙirjinka, kai mai saurin mura ne tun kana Rabah. Ka riƙa kiran Inna, ita ba ta da dogon lokacin jira, kuma ita ta ba ka tafiyar nan. Gwaggo Kulu ka yafe mata, ta zo da kanta ta kawo maka yaji da ƙuliƙuli, yanzu ita ke bin gidaje tana ba da labarin wasan, ta ma fara ƙara abin da ba a yi ba. Faifan da ke ƙasan jakarka nawa ne, wanda na riƙe ranar, ba na kasuwa ba. Kada ka bari ma'aikatan filin jirgi su lanƙwasa shi.

Jiya a gidan suna wata ta ce mini, uwar lauya, an ce lauya zai tafi Turai? Na gyara zama na ce ba lauya ba ne, adabi da wasan kwaikwayo ya karanta, shi zai je ya ƙaro, Turawa da kansu sunka aiko ya zo, kuma littafin da zai karantar da su ni ce. Na faɗa da ƙarfi har na bakin ƙofa sunka ji. Wallahi ya fi ƙaryar daɗi a baki.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya buɗa maka ƙirji, Ya sa harshenka ya yi nauyi inda ya kamata ya yi sauƙi inda ya kamata. Allah Ya tsare ka daga sharrin mutum da na sanyi da na kaɗaici, Ya ba ka malamai masu adalci da abokai masu tsoronSa, Ya dawo mana da kai da ilimi mai amfani muna raye. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Sunanka kada ka wahalar da ido, ba ya cikin takardar nan. Akwai Wanda nake faɗa wa shi cikakke, goshina a ƙasa, kowace salla tun ranar da anka raɗa shi, kuma zan ci gaba har ka dawo. Ranar da ka dawo kuwa, in ka yi sallama, bayana za ka tarar da faifai a hannu, don ba zan sake hali da tsufa ba. Ka tsaya inda ka saba tsayawa, inda inuwarka ke faɗawa bango. Yanzu ai ka san abin da ke gaba.

Wassalam.

Ni ce,
mai faifai.